Wa Ya Ɗauke Ka Aiki? Dokar Ƙwadago da Aikin Wucin Gadi

Kowace shekara, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, matasa da yawa daga ikilisiyoyinmu sukan kama hanyar birni. Waɗansu su nufi Kano ko Kaduna, waɗansu Jos ko Abuja, waɗansu har Legas da Fatakwal. Aikin da suka fi samu shi ne gadi, shara a banki ko asibiti, lodi a masana'anta, leburanci a wurin gini, ko tuƙin mota. Da yawa cikinsu sukan dawo da labari iri ɗaya. Mutum ya yi shekara huɗu ko biyar yana tsaron ƙofa guda, rana ɗaya a ce kada ya dawo gobe. Ya shiga ofis neman haƙƙinsa, sai a gaya masa cewa shi ba ma'aikacinsu ba ne, ya je ya nemi kamfanin da ya kawo shi.

A wannan fitowa muna so mu duba yadda aka yi haka ta zama ruwan dare. Ƙasarmu tana da dokoki masu kare ma'aikaci. Amma kowace doka tana da iyakar da ta tsaya, masu ɗaukar aiki kuwa sun san iyakokin nan sarai. Idan mu ma muka san su, za mu iya taimakon 'ya'yanmu da ƙannenmu tun kafin su sa ƙafa a mota.

Hanyoyi uku na ɗaukar aiki

Hanya ta fari ita ce ta dindindin. Kamfani ya ɗauke ka da kansa, ya ba ka takarda, sunanka yana cikin littafin albashinsa, ba a kuma sa ranar da aikin zai ƙare ba.

Ta biyu ita ce ta wucin gadi. Kamfanin ne ya ɗauke ka, amma na ɗan lokaci, ko kullum a biya ka ladan yini, ko a ba ka kwantiragi na wata uku ko shida.

Ta uku ita ce ta hannun ɗan kwangila. A nan mutum uku ne a cikin maganar. Akwai wurin da kake yin aikin, akwai kamfanin da ya kawo ka yana biyanka albashi, sai kai a tsakiya. Bankin da kake sharewa yana biyan kamfanin kuɗi a dunƙule, kamfanin ya cire rabonsa, ya ba ka sauran. Manajan banki ne yake ba ka umarni kowace safiya, amma a takarda ba shi ne maigidanka ba.

Mu manoma ba baƙi ba ne ga irin wannan. Mai gona yakan yi jinga da mutum ɗaya, shi kuma ya tattaro 'yan ƙwadago su yi noman. Wannan ba laifi ba ne, gama aikin na lokaci ne, kowa kuma ya san da haka. Akwai ayyuka da yawa a birni da suke haka: gurzar auduga, yankan rake, ginin gida. Damuwa takan zo sa'ad da aikin na kullum ne, shekara da shekaru, amma ana riƙe da mai yin sa kamar ɗan ƙwadagon yini ɗaya.

Abin da doka ta tanada

Babbar dokar ita ce Dokar Ƙwadago ta 1974. Ta shafi leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ban da manyan jami'ai da ƙwararru. Ga kaɗan daga cikin abin da ta ce:

• Kafin wata uku su wuce daga ranar fara aiki, dole a ba ma'aikaci takarda mai nuna sunan wanda ya ɗauke shi, irin aikin, albashi, lokutan aiki, hutu, da yadda za a rabu.

• Idan za a sallame shi, sai an ba shi notis. Kwana ɗaya ne idan bai wuce wata uku ba. Mako ɗaya idan ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba. Mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar. Wata ɗaya idan ya kai shekara biyar ko fiye.

• Bayan wata 12 a jere yana aiki, yana da hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da albashi.

• Idan ya yi rashin lafiya, likita kuma ya ba da shaida, za a biya shi har kwana 12 a shekara.

• Mace tana da hutun haihuwa, mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta. Idan ta yi wata shida a wurin aikin, za a biya ta aƙalla rabin albashinta.

• Idan za a rage ma'aikata, sai a sanar da ƙungiyarsu, a kuma bi ƙa'idar cewa wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana.

Akwai waɗansu dokokin kuma. Dokar Fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, a asusun fansho. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya biya kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin ma'aikatansa ga hukumar NSITF, domin a kula da wanda ya ji rauni a bakin aiki. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sa'an nan zuwa 70,000 a 2024.

Mutane da yawa suna tsammani doka ta ce duk wanda ya yi wata uku dole a mai da shi na dindindin. Abin da ta ce shi ne a ba shi takardar sharuɗɗan aiki. Dokar 1974 ba ta ma faɗi wane ne ma'aikacin wucin gadi ba, balle ta yanke tsawon lokacin da za a iya riƙe mutum a haka. Wannan shi ne babban giɓin da ake bi.

Yadda ake kewaye iyakokin

Bari mu duba abin daga wajen mai kamfani. A ce yana biyan ma'aikaci naira 70,000 a wata. Fansho zai ƙara masa kamar naira 7,000, kuɗin diyya 700. Ga albashin kwanakin hutu da na rashin lafiya, ga notis, ga kuɗin sallama idan an yi yarjejeniya da ƙungiyar ma'aikata. Idan kasuwa ta faɗi, rage ma'aikatan dindindin yana da tsada, yana kuma iya kai shi kotu. Saboda haka yakan tambayi kansa ko akwai hanyar da zai sami aikin nan ba tare da wannan nauyi ba. Iyakokin doka guda huɗu ne suke ba shi amsa.

Iyaka ta fari ita ce ta lokaci. Haƙƙoƙi da yawa suna ƙaruwa ne da daɗewa a aiki. Don haka sai a sallami mutum kafin ya cika wata uku, a ce ya huta mako ɗaya ko biyu, a sake ɗaukarsa kamar sabo. Ko kuma a ba shi kwantiragin wata 11, domin kada ya cika wata 12 a jere. Yana iya yin shekara bakwai a haka, a takarda kuwa kullum jiya ya zo.

Ta biyu ita ce ta yawan ma'aikata. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Dokar fansho kuma ta ambaci wuraren aiki masu zaman kansu da suke da ma'aikata 15 ko fiye. A ce masana'anta tana bukatar mutum 40. Tana iya rubuta 20 a littafinta, ta karɓi sauran 20 daga hannun ɗan kwangila. A cikin ɗaki ɗaya suke aiki, amma a takarda babu wanda ya kai 25.

Ta uku ita ce ta irin biyan. Dokar mafi ƙarancin albashi ta ware masu aikin jinga, masu karɓar kamasho, masu aikin 'yan sa'o'i, da masu aikin lokaci irin na gona. Shi ya sa ake yawan cewa za a biya ka bisa yawan buhun da ka ɗauka ko kayan da ka sayar.

Ta huɗu, wadda ta fi duka, ita ce ta suna. Dokar 1974 ta ce mai ɗaukar aiki shi ne wanda ya ƙulla yarjejeniya da ma'aikaci, ko domin ya yi masa aiki, ko domin ya yi wa wani. Wato ɗan kwangila shi ne maigida a idon doka. Babban kamfani mai gine-gine da motoci ya zame, ya bar ma'aikaci da ƙaramin kamfani wanda watakila ɗaki ɗaya ne ofishinsa. Idan babban kamfani ya soke kwangila, mutum ɗari suna iya rasa aiki a rana ɗaya, shi kuwa zai ce bai kori kowa ba.

Ban da waɗannan, akwai maganar ƙungiya. Wanda za a sabunta kwantiraginsa bayan wata uku yana tsoron buɗe baki. Ma'aikatan da aka raba tsakanin 'yan kwangila huɗu ko biyar kuma yana da wuya su haɗa kai.

Yadda abin ya yaɗu a ƙasarmu

Daga 1986, lokacin shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida, masana'antu suka shiga rage ma'aikatan dindindin. Kamfanonin mai suka miƙa ayyuka da yawa ga 'yan kwangila. A zamanin Obasanjo, daga 2003, gwamnatin tarayya da kanta ta fara cire masu shara, masu gadi, direbobi da masinjoji daga jerin ma'aikatanta, ta ba kamfanoni aikin. Bayan haɗe bankuna da aka kammala a ƙarshen 2005, inda suka ragu daga 89 zuwa 25, ya zama al'ada a sami masu karɓar kuɗi a kanta da masu neman kwastomomi a hannun wani kamfani dabam. Waɗannan su ne ainihin ayyukan da ɗan ƙauye mai takardar firamare ko sakandare yake shiga a dā, ya yi ritaya da fansho, ya gina gida a garinsu.

Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi yaƙi da wannan a farkon shekarun 2000, tana zuwa ƙofar kamfanoni tana tsayar da aiki. Ma'aikatar Ƙwadago ta fitar da ƙa'idoji a kan ma'aikatan kwangila a harkar mai a 2011, da kuma a bankuna da kamfanonin inshora a 2022. Duk da haka abin bai tsaya ba.

Kada mu ɗora wa doka laifin duka. Dokokinmu ba su da tsanani idan aka gwada da na ƙasashe da yawa. Masu neman aiki sun fi aikin yawa, kowane mai gadi ya san akwai mutum goma a waje da za su karɓi rabin albashinsa. Jami'an da suke zagayawa duba wuraren aiki kuma ba su da yawa. Inda ba a duba, wanda ya karya doka ya fi wanda ya bi ta riba.

Abin da aka gani a waɗansu ƙasashe

A ƙasar Sifen, korar ma'aikacin dindindin tana da tsada ƙwarai. A 1984 gwamnati ta sauƙaƙa ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, ta bar dokar na dindindin yadda take. Kafin shekara goma, kusan ɗaya cikin kowane ma'aikaci uku ya zama na wucin gadi, yawancinsu matasa. Da tattalin arziki ya karye a 2008, su ne suka fara rasa aiki. A ƙarshen 2021 aka ƙuntata irin wannan kwantiragi, yawansu kuwa ya ragu sosai.

A Indiya, an yi shekaru da yawa doka tana cewa masana'anta mai ma'aikata 100 ko fiye sai ta nemi izinin gwamnati kafin ta rage ma'aikata. Masana'antu suka koma ga 'yan kwangila, har rabon ma'aikatan kwangila ya tashi daga kamar ɗaya cikin biyar a 2000 zuwa kusan biyu cikin biyar. Sabuwar dokar da majalisar ƙasar ta yi a 2020 ta ɗaga adadin zuwa 300.

Waɗansu ƙasashen Afirka sun yi ƙoƙarin toshe giɓin. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun mutum ɗaya za a ɗauke shi kamar na dindindin. A Afirka ta Kudu, tun daga 2015, mai ƙaramin albashi da ɗan kwangila ya kai wani kamfani, idan ya wuce wata uku, ya zama ma'aikacin wannan kamfanin. Kotun Tsarin Mulki ta ƙasar ta tabbatar da haka a 2018.

Darasin da muke koya shi ne, ruwa yana bin gangare. Muddin akwai tazara mai faɗi tsakanin nauyin ma'aikacin dindindin da na wucin gadi, masu kamfani za su zaɓi mai sauƙi. Ƙasashen da suka ga canji su ne waɗanda suka rage tazarar, suka sa kariya ta bi mutum ko wace irin takarda yake da ita. Amma dole a yi a hankali, domin aikin wucin gadi shi ne ƙofar da matasa da yawa suke fara shiga. Idan aka rufe ta gaba ɗaya, waɗansu za su koma aikin da babu takarda ko kaɗan.

Kariyar da take hannun ma'aikacin wucin gadi

Ko a yanzu, ma'aikacin wucin gadi ba marar gata ba ne.

Dokar Diyya ta 2010 ta ambaci ma'aikacin wucin gadi, da mai koyon sana'a, da mai aikin gida wanda ba ɗan gidan ba ne. Ta haɗa da hatsarin da ya faru a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Wanda ya ji rauni ya sanar da maigidansa cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. Ba a yarda a cire kuɗin wannan asusu daga albashin ma'aikaci ba.

Asusun fansho na ma'aikaci ne, da sunansa da lambarsa, yana kuma bin sa idan ya sake wurin aiki. Waɗansu 'yan kwangila sukan cire kashi 8 daga albashi su ƙi zubawa. Ma'aikaci yana da ikon neman bayanin asusunsa ya gani da idonsa.

Kamfanin da yake samar da ma'aikata dole ya sami lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Kamfanin gadi kuma yana ƙarƙashin kulawar hukumar Sibil Difens. A 2023 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181, wadda ƙa'idarta ita ce kada irin waɗannan kamfanoni su karɓi kuɗi a hannun mai neman aiki.

Tsarin mulki ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Gyaran tsarin mulki na 2010 kuma ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraron shari'un aiki, tana da rassa a garuruwa kamar Abuja, Kano, Kaduna, Jos da Yola. A shari'u da dama kotun ta duba ainihin yadda ake aikin, wato wa yake ba da umarni, wa yake horo, wa yake kora. Akwai inda ta ce babban kamfani da ɗan kwangila duka biyu suna da alhaki. Irin wannan shari'a da shaida ake cin ta, shaida kuwa takarda ce.

Abin da za mu iya yi

Kafin matashi ya tafi, mu zauna da shi mu koya masa tambayoyin nan:

• Wane kamfani ne zai biya ni, ina kuma ofishinsa?
• Yaushe za a ba ni takardar ɗaukar aiki?
• Nawa ne albashi, me da me za a cire?
• Idan na ji rauni, wa zai kai ni asibiti?
• Kwantiragin na wata nawa ne?

Mu gargaɗe shi kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kada kuma ya ba kowa ainihin takardar shaidar makarantarsa ya riƙe. Ya yi hattara da ejan mai neman kuɗin fom mai yawa ko albashin watan fari. Ya ajiye katin shaidar aiki, takardun albashi da saƙonnin banki, ya rubuta ranar da ya fara aiki da kowace rana da aka dakatar da shi aka sake ɗaukarsa. Zai yi kyau ya aiko da hoton takardun gida, ko ya bar kwafi a hannun wani dattijo amintacce.

Idan an cuce shi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin kowace jiha. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, da Hukumar Ba da Agajin Lauya ga marasa ƙarfi, da ofishin NLC na jiha. Kada ya yi jinkiri, gama shaidu suna watsewa. 'Yan'uwanmu da suka daɗe a birni, musamman ma'aikata da lauyoyi, za su iya raka baƙo zuwa waɗannan wurare.

Mu duba gidanmu kuma. Majami'u, makarantu da asibitocinmu suna da masu gadi, masu shara, masu dafa abinci da malamai. Waɗansu sun yi shekara goma ba takarda, muna ce da abin da muke ba su ɗan taimako. Ko da yawan ma'aikatanmu bai kai adadin da doka ta sa ba, muna iya rubuta sharuɗɗan aiki, mu biya a kan lokaci, mu ba da hutu, mu ajiye wani abu domin ranar rabuwa. Idan muka karɓi masu gadi daga hannun kamfani, mu tambayi nawa ne yake isa hannun mai gadin daga abin da muke biya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mutum nawa ne daga ikilisiyarmu suke aiki a birni yanzu? Nawa ne cikinsu suke da takardar ɗaukar aiki?
2. Mun san wani da ya ji rauni a bakin aiki? Wa ya ɗauki nauyin jinyarsa?
3. Waɗanne ayyuka ne a yankinmu na lokaci ne da gaske, waɗanne ne kuma na kullum amma ake kiransu na wucin gadi?
4. Yaya muke biyan 'yan ƙwadago a gonakinmu, da masu aiki a gidajenmu da majami'armu?
5. Wa za mu zaɓa a ƙungiyar matasa ko zumuntar mata ya riƙa zama da masu shirin tafiya kafin kaka ta wuce?